Daga Waigin Karen Mota Zuwa Jar Fitila

Kafin a ƙera fitilar da za ta kama a gaban direba ta shaida masa cewa birki ba lafiya, akwai karen mota. Yana maƙale a ƙofar gingimari ko a can saman kaya, kusa da shi akwai wani guntun katako mai kauri da aka fere bakinsa. Idan mota ta ɗauki hawa da lodin gyaɗa ko na goro, numfashinta ya fara sarƙewa, direba ba ya ko waiwaye. Murya kawai zai ɗaga: "Kai, waigi!" Yaro ya dire a guje ya cusa katakon a bayan taya kafin mota ta fara sulalewa da baya. Katakon nan ya yi aiki har ya shiga bakin waɗanda ba su taɓa hawa bayan babbar mota ba. Yau idan kotu ta hana gwamna wani abu, wata jarida ta ce an sa masa waigi, wata ta ce an taka masa birki.

Direban wancan zamani bai amince wa birkinsa ba, kuma da gaskiyarsa. Wanda ma ya ƙera motar farko bai gama tunanin yadda za a tsayar da ita ba. A watan Agustan 1888, Bertha Benz, matar Bajamushen nan Karl Benz, ta saci jiki da asuba ta ɗauki motar mijinta mai taya uku, ta sa 'ya'yanta maza biyu, suka kama hanya daga Mannheim zuwa Pforzheim wajen mahaifiyarta, tafiyar kimanin kilomita 106. Birkin motar katako ne da ake ja da hannu ya gogi taya, tudu da gangare kuwa suka cinye shi. Sai ta tsaya wurin wani mai ɗinkin takalma a ƙauyen Bauschlott, ta sa ya buga wa katakon fata. Ke nan bakaniken birki na farko baduku ne. Har gobe kuma abin da ke gogar ganga a cikin taya takalmi ake ce masa.

Daga fata aka koma auduga. Wani mutumin Ingila, Herbert Frood, ya kafa kamfani a 1897 yana saƙa auduga yana jiƙa ta da danƙo, daga baya aka shigo da asbestos don ta jure zafi. Kamfanin shi ne Ferodo. A 1902 Louis Renault ya fito da birkin ganga a Faransa, a shekarar nan dai Frederick Lanchester na Birmingham ya yi rajistar birkin faifai, amma ƙarar da yake yi ta kori masu saye, bai dawo da ƙarfinsa ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953. Birkin farko duk da sandar ƙarfe ko waya ake jan sa. Idan ya lalace ido yana gani: ga waya ta yanke, ga sanda ta lanƙwashe. Maganar da ake yi har yau a labarin haɗari, cewa birki ya tsinke, ta fi dacewa da wancan lokaci da akwai abin tsinkewar.

Ciwon birki ya ɓuya ne ranar da mai ya shiga cikinsa. Malcolm Loughead, Ba'amurke ɗan gidan da kamfanin jiragen Lockheed ya samo sunansa, ya yi rajistar birki mai aiki da mai a 1917. Motar Duesenberg ta sa shi a tayoyinta huɗu a 1921, Chrysler ta bi a 1924, Henry Ford kuwa ya kafe a kan sanda da waya, kamfaninsa bai sauya ba sai 1939. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa. Direba ya taka, fistin ɗin cikin masta ya tura mai ta siraran bututu zuwa kowace taya. Amma iska tana matsuwa. Idan 'yar kumfa ta shiga bututun, ƙarfin ƙafa a kanta zai ƙare, kuma ko a kwana ana leƙe ba za a ga komai ba. Daga nan tafin ƙafa ya zama ma'aunin bakanike.

Shi kuwa injin dizal da nasa halin ya zo. Rudolf Diesel, wanda aka haifa a Faris, iyayensa Jamusawa, ya samu injinsa ya yi aiki yadda ya kamata a Augsburg a 1897. A baje kolin Faris na 1900 har da man gyaɗa zalla aka kunna irin injin, domin gwamnatin Faransa tana tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka su riƙa noma man injinsu. Shekara goma sha biyu bayan haka gyaɗar Kano ta fara bin jirgin ƙasa zuwa Ikko, sai dai ba tankin mota ta nufa ba, tukunyar Turawa da sabulunsu ta shiga.

Bambancin dizal da fetur a maƙogwaro yake. Injin fetur yana da wani ɗan murfi a bakin kafireto. Direba ya ɗaga ƙafa daga totur, murfin ya rufe, fistin na ta jan iska babu hanya, sai wata zuƙa mai ƙarfi ta samu a bututun. Duk wanda wanzami ya taɓa yi wa ƙaho ya san irin wannan ƙarfi: a zuƙe iskar cikin ƙahon a toshe, ƙaho ya damƙi fata ya ƙi saki. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Albert Dewandre, ya ga cewa zuƙar nan da ake samu kyauta za ta iya taya ƙafar direba aiki, daga 1927 kuma kamfanin Bosch ya shiga sayar da na'urarsa. Jikanyarta ce baƙar tukunyar nan da ke manne a bayan masta idan an buɗe bonet, wadda ake kira busta. A cikinta akwai faifan roba. An zuƙe iskar da ke ciki, idan aka taka birki sai iskar waje ta kutso ta gefe ɗaya ta tura faifan, ƙarfin ƙafa ya ninka. Shi ya sa ko tsohuwa za ta tsayar da jif da yatsun ƙafa.

Injin dizal na asali ba shi da wannan murfi. Maƙogwaronsa a buɗe yake kullum, iska na shiga son ranta, da yawan man da nozul ke fesawa ake ƙara gudu ko a rage. Babu shaƙewa, don haka babu zuƙa. Abu biyu suka biyo bayan wannan rashi, dukkansu kuma a kan birki suka faɗo.

Na farko, idan direban dizal ya ɗaga ƙafa a gangare, injin ba ya riƙe mota kamar na fetur. A watan Agustan 1931 Clessie Cummins, wanda kamfanin injunan Cummins ke ɗauke da sunansa, yana tuƙa babbar mota mai injinsa daga New York zuwa Los Angeles don ya nuna wa duniya dizal zai iya doguwar hanya. A gangaren Cajon da ke Kalifoniya birki ya yi zafi ya daina kamawa, inji ya ƙi riƙewa, ga kuma jirgin ƙasa na kaya yana ratsa titin a can ƙasa. Da ƙyar taragon ƙarshe ya wuce kafin su iso. Abin bai bar ransa ba. Bayan ya bar kamfanin ya ƙera na'urar da ke buɗe bawul a daidai lokacin da za ta mayar da injin kansa birki, kamfanin Jacobs ya fara sayar da ita a 1961. Ita da 'yar'uwarta mai toshe hanyar salansa su ne ke sa tirela ta canza murya idan ta kama gangare.

Na biyu ya fi shafar ƙaramar mota. Marsandi ta fito da 260 D a 1936, Fijo ta sa dizal a 403 a 1959, da busta ta zama ruwan dare kuma sai ya zama dole a ƙera wani ɗan famfo da ba shi da aiki sai zuƙar iska. A wasu injuna sandar kam ce ke juya shi, a wasu bel ke jan sa. A tsofaffin Hilux da Hiace masu injin 2L da 3L a bayan altaneta aka manna shi, juyi ɗaya suke yi. Girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba. Amma ranar da ya gaji, ko tiyonsa ya tsage, birki kan koma kamar dutse, direba ya tashi tsaye a kansa mota tana ci gaba da tafiya. Manyan motoci sun bi wata hanyar daban, ta birkin iska irin wanda George Westinghouse ya ƙera wa jiragen ƙasa a 1869, inda kwamfireso ke cika tankuna da iska. Shi ya sa direban tirela ba ya tashi da safe sai ya jira allurar iska ta hau.

Motoci sun shigo ƙasar Hausa ne a bayan jirgin ƙasa, wanda ya kai Kano a 1911. Aikinsu na farko kwaso gyaɗa da auduga da fatu daga ƙauyuka zuwa tasha, aikin da jakuna da raƙuma suka saba yi. Masu gyaran farko a garejin hukuma da na kamfanoni suka koya, Ma'aikatar Ayyuka da En'e, da irin su UAC da SCOA da Leventis. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yawansu, don da dama daga sojojin da aka kai ƙasar Bama sun dawo gida da sanin tuƙi da ɗaura inji. Bedford da Austin suka fara cika hanya, kafin Marsandi 911 mai zagayayyen hanci ta zo da man gas ta mamaye ta. A shekarun 1970, da kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida, uku daga ciki a Arewa: Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975 ta kuma ci gaba da fitar da 504 har 2006, sai Steyr a Bauchi, sai masana'antar manyan motocin Fiat a Kano. Kowacce ta yaye ma'aikata, da yawansu kuma a ƙarshe gindin bishiya suka samu suka kafa nasu garejin.

Sai dai a Nijeriya ƙaramar mota ta fetur ce, domin fetur ne gwamnati ta daɗe tana yi wa tallafi kafin ta janye shi a 2023. Gas na tirela ne da tifa da janareta da injin niƙa. Da zarar an ƙetare iyaka labarin ya sake. A Nijar da Chadi da Sudan gazuwal ba baƙo ba ne a tankin ƙaramar mota, ga Land Cruiser da Hilux na hanyoyin yashi, ga kuma tsofaffin Fijo da samarin Turai ke tuƙowa ta Sahara a shekarun 1970 da 1980, su bi ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit su faɗo Agadas, su sayar su hau jirgi su koma. Bakaniken Agadas ko Damagaram ya riga takwaransa na Zariya sanin cewa motar da birkinta ya yi tauri ba lallai a taya ciwon yake ba.

A gareji aiki a rabe yake. Akwai mai inji, akwai mai wayarin, akwai mai injekta da ɗakinsa mai tsabta fiye da na kowa, akwai fanel bita da mai fenti, ga mai faci a bakin titi. Kayan gyara kuwa sai a tura yaro Ƙofar Ruwa in a Kano ake, ko Fanteka in a Kaduna ne, da tsohon a hannunsa don a gwada. Yaron gareji yakan shekara yana wanke ƙarafa cikin kwanon gas yana miƙa sifana. Ranar farko da zai zauna a kujerar direba ba tuƙi zai yi ba, iskar birki za a cire.

Oga yana kwance a kan kwali a ƙarƙashin mota, ya fara daga tayar da ta fi nisa da masta, ƙaramar sifana a kan noti.

"Buga!"

Yaro ya buga sau uku, sau huɗu, har ya ji tauri.

"Riƙe!"

"Na riƙe, Oga."

Noti ya buɗe, mai ya yi tsartuwa da kumfa, feda ta zurma ƙasa.

"Ta tafi?"

"Ta tafi."

"Kar ka saki sai na ce."

Idan ya yi gaggawar ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iska ta koma, aiki ya dawo sabo, shi kuma ya sha ranƙwashi. A wannan kujera ƙafarsa ke koyon karatu. Feda mai laushi kamar soso, wadda ke ƙara tauri in an yi ta bugawa, iska ce a layi. Wadda ke kamawa da farko sannan ta riƙa zurmawa a hankali ƙafa na kai, robobin masta ne suka gaji, ko mai na yoyo a wani wuri. Wadda ta yi tauri tun daga sama ta ƙi motsi, a bar taya a koma kan busta da famfonta. Akwai ma gwajin da ba ya cin ko kwabo: a kashe mota, a buga birki sau biyar ko shida har ya ƙame, a riƙe shi, a tayar da inji. Idan feda ta ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafa, zuƙa tana zuwa. Idan ta tsaya cak, ba ta zuwa.

Sana'ar tana da abin kunyarta, kuma ɓoye shi ba gata ba ne. Direban haya da man birkinsa ya tsiyaye a hanya yakan kaɗa omo da ruwa ya ɗura, wai ya kai shi gari, daga nan kuma ya manta. Wani ya zuba man giya ko na inji, robobi su kumbura su toshe. Tayar da ke yoyo a dake bututunta ko a cusa ƙusa, mota ta ci gaba da lodi da birkin ƙafa uku. Ƙurar cikin ganga, wadda a tsofaffin takalma asbestos ce mai illa ga huhu, da baki ake hure ta. Ko man birki na gaskiya ma yana da aibinsa, don yana shan damshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. DOT 4 kan faɗo daga 230 zuwa 155. A cikin gari ba za a gane ba. Sai an zo wuri irin Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, inda mota mai kaya ke sauka daga tsauni ƙafar direba na kan birki, ganga ta ɗau zafi, mai ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa ba komai. Bayan rabin awa ya huce ya dawo kamar ba shi ba, a ce aljanun wurin ne. Mafi muni shi ne direban da ke sa mota a firi ya kashe inji don tsimin gas. Da inji ya mutu famfo ya tsaya, abin da ya rage a busta bai wuce taki biyu ko uku ba.

Fitilu a hankali suka shigo. Da, allura ce ke nuna komai, ta mai, ta zafi, ta caji. Kamfanin Hudson na Amurka ne ya fara maye gurbin wasunsu da fitila a tsakiyar shekarun 1930, masu son allura kuma suka raina ta, suna cewa ba ta magana sai aikin gama ya gama. A ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta masta mai ɗaki biyu, don idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota, tare da jar fitilar da za ta faɗa. Jar fitilar nan bakinta ɗaya amma zancenta da yawa. Tana iya nufin birkin hannu bai sauka ba. Tana iya nufin mai ya yi ƙasa a kofi, wanda shi ma ko yoyo ne ko takalma ne suka cinye mai ya bi su. A wasu Toyota masu gas har raguwar zuƙa tana kunna ta. Kuma duk wanda ya daɗe da tsohuwar Hilux ya san ranar da fitilar batir da ta birki da ta matatar gas ke kamawa tare kamar an yi musu kiran sallah. Ba abubuwa uku ne suka lalace ba, caji ne ya ɗauke. Idan bel ne ya yanke, to famfon da ke bayan altaneta ma ya tsaya, birki zai ƙame nan da nan.

Direban gas yana da wata fitilar da ta fetur ba ta da ita, mai kamar lauje biyu a haɗe, wadda ake jira ta mutu da sanyin safiya kafin a yi ki. Ita ce ta hita. A motocin zamani an ƙara mata aiki: idan tana ƙyaftawa ana cikin tafiya, kwamfutar inji ce ke kuka. A yawancin Golf da Passat masu injin TDI, ɗan makunnin da ke kunna fitilar birki ta baya idan ya lalace, wannan fitilar ce ke ƙyaftawa. An sha canza hita huɗu lafiyayyu saboda wani abu da ke ƙarƙashin feda.

ABS irin ta yau ta zo a 1978, lokacin da Marsandi da Bosch suka sa ta a babbar motar Marsandi ta S. A kowace taya akwai ɗan ido da ke ƙirga haƙoran wani zobe. Idan taya za ta daskare, na'urar ta saki ta kama sau da yawa cikin daƙiƙa guda, feda ta riƙa karkarwa, wanda bai sani ba ya ɗauka lalacewa ta yi ya ɗaga ƙafa. Taɓon damina, ƙurar ƙarfe, ko wayar da aka fizge wajen canza boris, kowanne na kunna fitilarta mai ruwan ɗorawa. Ita kaɗai ba ta hana birki na yau da kullum aiki. Idan ta haɗu da ja, wannan kam a sauka gefen titi.

Sai kuma ramin nan mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake sa wa mota kwamfuta. Doka ta wajabta shi a Amurka daga 1996, a Turai daga 2001 ga motocin fetur, 2004 ga na dizal. Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne, don hayaƙi aka yi dokar, ba don birki ba. Lambobin da ke farawa da P na inji ne da giya, su kowace 'yar na'ura ke karantawa. Na birki da C suke farawa, kuma na'ura mai araha sau da yawa ba ta ma shiga ɗakinsu. Tsagaggen tiyo, tafasasshen mai da gajiyayyar roba kuwa ba su da waya a jiki, ba za su taɓa aiko da lamba ba.

Motocin da ke ɗauke da wannan rami ba sababbi suka iso ba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kasuwa ta koma ta 'yan Kwatano. Jiragen ruwa na kwaso su daga Antwerp, shi ya sa duk abin da ya yi hannu a Turai ake ce masa Beljiyam, su sauka a Kwatano, wasu su hau ta Gaya da Ƙonni da Maraɗi kafin su gangaro, har gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da mota ta kan tudu a farkon 2017. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kaso mafi tsoka kuma Afirka ya zo. Masu dizal a cikinsu sun zo da matatar hayaƙi, irin wadda Peugeot ta fara sa wa 607 a shekarar 2000. Matatar tana son gas mai tsabta da doguwar tafiya don ta ƙone toka. Nan kuwa ta tarar da cunkoso, da gas ɗin da a 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta tona zancen, dokar Nijeriya ta yarda ya ɗauki sinadarin sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai 10 ne. Sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50. Kafin nan matatu sun toshe, an fasa su an zubar da cikinsu, fitilar ceki ta zauna daram.

Wannan ne ya ɓata tarbiyyar direba. Wanda ya saba ganin fitila uku a kunne shekara biyu mota na tafiya, ranar da ta huɗu ta kama ba zai ko kalle ta ba. Wasu baƙin salatif suke manna mata. Wasu dillalai kuma cire ƙwan suke yi, ko su haɗa wayarsa da ta fitilar mai don su mutu tare. Mai saye da ya waye yakan murɗa ki rabi ya ƙirga: duk fitilun ya kamata su kama sannan su mutu, wadda ba ta kama ba ita ce abin tambaya.

Yanzu a gareji ɗaya akan samu tsara biyu. Ga dattijon da ya koyi aiki a kan 911 da 504, ga matashi mai kwamfuta da ya koya a waya da wurin wani ogan a Abuja ko Legas, kowanne na yi wa ɗan'uwansa kallon bai iya ba. Motar dizal ta zamani kuwa tana buƙatar su duka, domin famfon nan guda ba busta kaɗai yake yi wa aiki ba, a injuna da yawa shi ke jan bawul ɗin tabo da na mayar da hayaƙi.

Sai a kawo mota, mai ita ya ce ba ta da ƙarfi a hawa, ceki ya kama, birki kuma sai an danna da gaske. Matashi ya soka na'ura, ta kawo P0299, wato tabo ba ya hura iska yadda ya kamata. Ya faɗi kuɗin tabo, Alhaji ya dafe hula. Dattijo bai ce uffan ba, ya buɗe ƙofa ya zauna, ya buga birki har ya ƙame, ya riƙe, ya yi ki. Feda ba ta motsa ba. Ya fito ya bi tiyo da yatsa tun daga busta har famfo, kunne a karkace, sai ga wani ɗan huci a inda robar ta ratsa kusa da ƙarfe mai zafi ta bushe ta tsage. Ya tura yaro ya sayo guntun tiyo, ya sa, ya ɗaure.

"Shiga ka buga. Riƙe. To, tayar."

"Ta sauka, Baba."

Ya goge hannu da tsumma, ya dubi allon na'urar ya tambayi matashin yadda ake karanta lambar, ya maimaita ta a bakinsa sau biyu. Sannan ya ce a goge ta, a zaga da motar zuwa shataletale a dawo, a ga ko za ta sake kamawa.